Takin da ke Gonar Mahaifina

Sana'ata sayen tsofaffin motoci. Ina da fili a Beltsville ta ƙasar Amurka inda nake tara su kafin a loda su a jirgin ruwa zuwa Kwatano. Mai janwen da ke kawo mini su daga wurin gwanjo wani dattijon Bature ne, kakanninsa daga Ireland suka zo.

A shekarar da nake magana, na sa ƙanena a gida ya karɓe gonar da mahaifinmu ya bari. Wani abokin marigayin ne ke noma ta, aro aka ba shi tun ina firamare. Wani mai son gina gidan mai ya taya, farashin ya yi mini, na ce a sallami tsohon. Bayan girbi aka sallame shi. Shi kuma bai daina zuwa ƙofar gidanmu ba.

Wata Asabar Baturen ya sauke mota ya tarar ina ta faɗa a waya.

"Wa ya taɓa ka, ɗan kasuwa?"

Na ba shi labari. Ya yi dariya ya ce, "Ashe kai ne mugun da ke cikin labaran kakata."

Ya ce mahaifin kakarsa gonar haya yake nomawa a can Ireland. Mai gonar ya kore su, aka rushe musu ɗaki. Bayan shekaru gwamnati ta yi dokar mayar da waɗanda aka kora, aka ba shi gona, amma wata dabam, har ta fi tasa girma. Duk da haka ya mutu yana ƙorafi. Domin kafin a kore su ya daɗe yana ɗauko ciyawar teku a bayansa yana zubawa a tsohuwar gonar har ta yi ƙarfi, kuma wani ne ya ci amfanin.

Na ce a raina, taki ke nan. A garinmu ba a karɓe gonar aro daga wanda ya zuba taki sai ya ci takinsa. Na sani tun ina ƙarami, zaman nan ne ya sa na manta.

Na sake kiran ƙanena. "Tsohon nan ya zuba taki?"

"Yaya, ai ranin bara Fulani ya ajiye a ciki da shanunsu har ruwa ya sauka."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Ka tambaya ne? Farashi kawai ka tambaya."

Ba zan ce tausayi kaɗai ya motsa ni ba. Na san in magana ta kai gaban mai gari mu ne za mu ji kunya, kuma ina da ƙanne mata da ke aure a garin.

Na sa aka kai wa tsohon waya. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, ka koma gonarka."

"Gonar mahaifinka dai. Ni ban taɓa cewa tawa ce ba, ko bishiya ɗaya ban dasa ba. Damina uku nake nema, daga nan ka sayar wa wanda ka ga dama."

Na ce na yarda, a kira shaidu. Mai gidan mai bai jira ba, ya sayi fili a wani wuri. Tsohon kuwa bana yake damina ta biyu, dawa ya shuka.