Layin da Haulat Ba Ta Karanta Ba

Haulat Saifuddeen tun tana ƙarama ba ta iya zama inda aka ajiye ta ba. Jikinta dai yana nan a falon gidansu na unguwar Bin Mahmud, hawa na huɗu, saman wani kantin 'yan Indiya, amma hankalinta sai an aika a nemo shi. A Doha aka haife ta. Funtuwa, garin mahaifinta, sau biyar kacal ta taɓa zuwa, kuma duka a lokacin damina. Saboda haka a ranta Funtuwa gari ne kore shar wanda ruwa ba ya ɗaukewa, kuma babu wanda ya ga amfanin gyara mata.

Mahaifin nata, Injiniya Saifuddeen, ya shekara ashirin da huɗu a wani kamfanin iskar gas. Sunan mahaifiyarsa ya sa mata, don haka Mamana yake ce mata. Kwantiraginsa zai ƙare a ƙarshen 2022, kuma ya riga ya ce ba zai nemi ƙari ba. Gwiwoyinsa sun gaji, tsohuwarsa kuma tana Funtuwa ta haura tamanin, idanunta sun fara dushewa. Takardar zaman Haulat a ƙasar rataye take da tasa, shi kuwa ba mutumin da zai bar 'ya mace ita kaɗai a ƙasar wasu ba ne. Shi ya sa da ta shiga karatun lauya ta tsara ta gama cikin shekara uku da rabi, tana haɗawa da kwasa-kwasan lokacin hutu, don su tashi tare da digiri a hannu.

Sai korona ta zo ta rufe garin. Titin da ba a jin kiran sallah sosai saboda hon ya koma tsit, kyanwoyi na kwance a tsakiyarsa kamar su suka biya kuɗin kwalta. Lacca ta koma cikin kwamfuta. A wannan zaman kullen ne Haulat ta shiga mujallar shari'a ta ɗaliban tsangayarsu, aka ba ta aikin da kowa ke gudu: tantance ƙananan bayanan nan na ƙasan shafi, inda marubuci ke faɗar littafi ko hukuncin da ya dogara da shi. A duba shekara, a duba lambar shafi, a duba ko alƙalin ya faɗi abin da aka ce ya faɗa.

Ita kam kamar an ba ta makullin gari. Za ta bi lamba ɗaya don tabbatar da shafi, sai ta tsinci kanta cikin shari'ar wani jirgin ruwa maƙare da shinkafa da ya nutse tun kakanta bai yi aure ba. Daga nan ta tafi. Tana ganin ɗan kasuwar tsaye a bakin teku hularsa a hannu, tana jin ƙarar fankar kotun, tana ƙoƙarin tuna fuskar alƙalin da ba ta taɓa gani ba. Shayinta ya huce, la'asar ta yi, rana ta sauko ta zauna a kan tankunan ruwan maƙwabta, ita tana can tsakiyar teku. Amma fa in ta dawo, waƙafi ɗaya ba ya tsere mata. Wani farfesa sai da ya rubuto yana godiya da ɗan fushi-fushi, don ta kama shi da kuskure goma sha ɗaya.

Kowane kwas yana da nauyinsa da ake kira kiredit, kuma sai ɗalibi ya tara adadin da aka yanka kafin a ba shi digiri. Aikin mujalla kiredit biyu ne duk zango. Haulat ta lissafa zango biyar, ta rubuta goma a bayan littafinta, ta rage kwasa-kwasai daidai wannan, ta bar lissafin nan ba ta sake waiwayarsa ba.

A watan Agustan 2022 aka zaɓe ta babbar edita, kuma fitowar da za ta jagoranta ta musamman ce, kan dokokin wasanni, albarkacin gasar Kofin Duniya da za a yi a ƙasar. Injiniya ya sanar da duk wanda ya tsaya kusa da shi a masallacin Juma'a. Kwana uku bayan haka ta je rajistar zangon ƙarshe wurin malamar da ke duba takardun ɗalibai, wata dattijuwa 'yar Sudan. Matar ta juyo mata da kundin dokokin tsangayar, ta ɗora farce a ƙasan shafi.

"Karanta min wannan, 'yata."

Layi ɗaya ne, da ƙananan haruffa: kiredit huɗu kaɗai na mujalla ake ƙirgawa a digiri. Yarinyar da ta shekara biyu tana tone ƙasan shafin mutane ba ta taɓa duba nata ba. Kunya ce ta fara kama ta, kafin tsoro ya iso.

"Shida kike nema," in ji malamar. "Kwas biyu ke nan, kuma zangon nan gajere ne saboda gasar. In kin ɗauke su, kin cika iyakar abin da aka yarda ɗalibi ya ɗauka, dole mujalla ta fita. In kuma mujallar kike so, ki dawo zango mai zuwa. Yarinya ce ke, wata biyar ba komai ba ne."

Haulat ta shiga jirgin ƙasa, ta wuce tasharsu har sau biyu. Ta ga sunanta a saman shafin farko. Ta ga mahaifinta yana hawa motar kamfani da sassafe, yana dafa gwiwa. Washegari ta miƙa mujallar ga mataimakiyarta, ta yi rajistar dokar haraji da dokar inshora, kwasa-kwasan da ko ita ba ta samu abin mafarki a cikinsu ba. A gida ba ta ce komai ba. Ta yi kuka, ta ji zafin abin sosai, sannan ta zauna ta yi karatu.

Sakamako ya fito ana tsakiyar gasa, ta haye duka. Ran nan da yamma suka je Souq Waqif sayen tsaraba. Kasuwar ta cika maƙil da baƙi, 'yan Maroko na buga ganga, wasu sun shafa wa fuskarsu fenti, hayaƙin turare na bin kan jama'a. Suka samu benci suka zauna don gwiwar Injiniya ta huta.

"Mamana, mujallar ta fito ko? Kwafi ashirin nake so. Hajiya ko ba ta gani sosai, a ɗora mata yatsa a kan sunanta."

"Ta fito, Abba. Amma babu sunana."

Ta faɗa masa komai, tun daga goman da ta rubuta a bayan littafi. Ya juya ledar dabino a hannunsa.

"Wata biyar fa kawai," ya ce. "Da kin faɗa min, da na je na roƙe su ƙari. Za su ba ni."

"Na sani, Abba. Shi ya sa ban faɗa ba."