Mai Dutsen Sama

Ranar kasuwar Batsari ce, Sauda mai ƙosai ta kasa ɗauke ido daga baƙon da ya shimfiɗa buhu kusa da kaskonta. Rawaninsa duk maiƙo, haƙoransa jajur da goro, kumfar yawu na taruwa a gefen bakinsa. A gabansa ga wani baƙin dutse, girman kan jariri.

"Daga tsakanin taurari ya ɓallo," yake ce wa jama'a. "'Yan uwansa na can suna kewaya rana, wannan Allah ya jeho mana. Wutar sama ce ta ƙona shi haka. Wanda ya rataya garin dutsen nan, harsashi ba ya cinsa."

Wani tsoho da zai koma Ruma a kan babur ya durƙusa. Baƙon ya lashi dutsen, ya kankare shi da wuƙa cikin ƙyalle, ya tofa, ya ƙulle.

"Baba, bi ta dajin hankali kwance."

Tsohon ya karɓa da hannu biyu yana godiya.

Sauda ta ƙura wa dutsen ido. Ta san irin wannan baƙin. Gefe ɗaya kawai ya kama, gefen da ke kallon wuta, ga ma tabon miyar kuka da ta tafaso ta zubo. Dutsen murhu ne. Wataƙila mutumin nan ƙauyukan da 'yan bindiga suka watse yake bi yana tsince-tsince. Ita ma uku ta baro a Runka, ranar da suka gudu tukunya na kan murhu.