Kofur Ubaidullahi da Takabar Safiya

Kullum da hantsi Kofur Ubaidullahi yakan taho daga Dangoma a kan kekensa, ya buɗe rumfar gyaran rediyo a kasuwar Kalgo, ya zauna jiran mutanen da suka daɗe da komawa waya. Ƙarshen watan nan zai rufe rumfar. Ban ji an kafa kwamitin walima ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Sojan sadarwa ne. Shekara uku ya yi a yaƙin Laberiya goye da oba-oba, eriya tsaye bisa kansa tana nuna wa maharba inda za su fara. Aikinsa karɓar saƙo da miƙa shi yadda ya zo, ba ƙari ba ragi. Ba a rataya wa mutum lambar yabo don wannan.

A can ya karɓi saƙon cewa an kashe Rilwanu, wani soja ɗan Masama. Ya sa aka maimaita, ya rubuta, ya miƙa sama. A sama takardar ta yi barci, har yau ba ta farka ba.

Da ya dawo sai ya tarar Safiya, matar Rilwanu, shekara biyu tana zaune, ba miji, ba gawa, ba takarda. Ba halin shiga takaba, balle sabon aure. Danginta suka kai shi shaida gaban alƙali a Gwandu. A bakin ƙofa kawunta ya ja shi gefe.

"Kofur, ka ce ka gani da idonka mana. Wa za shi bi ka Laberiya shi bincika?"

Aka shiga. Alƙali ya ce, "Ka ga gawa?"

"Allah shi gafarta Malam, ban gani ba. Ji na yi, ranar Talata, ƙarfe huɗu da minti goma na yamma."

Alƙali ya ce ba ya raba aure da shaidar oba-oba. Dangin Safiya suka daina gaishe shi. Shi kuwa mako biyar ya yi yana bin bariki da tasha, har ya kawo mutum biyu da suka sa Rilwanu a kabari da hannunsu, ɗaya daga Kambaza, ɗaya daga Kontagora. Safiya ta yi takabarta, ta yi aure. Yau jikokinta shida.

Kofur, kai ne ka ƙi ƙaryar da kowa zai gode maka, ka ɗauki wahalar da ba wanda ya sa ka. Mun gode. Mu da muke tura sanarwar rasuwa a waya kafin mai rasuwar ya ji labari, sai mu yi koyi.

Makon jiya na tambayi Safiya ko ta ji haushinsa ranar nan a kotu.

"Sosai ma, Malam," in ji ta. "Amma da ya yi ƙaryar nan, da har yau in an yi sallama sai gabana ya faɗi, ko Rilwanu ne ya dawo."