Wa Zai Ce wa Mushe Mutari Ya Tsaya?

Bana shekara bakwai ke nan da muka kai yayana Mutari makwancinsa. Mushe Mutari ɗalibai ke kiransa, don a nan haka ake ce wa malamin boko, daga Faransanci. Shi ke koya wa 'yan shekarar farko na jami'a a nan Damagaram yadda ake rubuta wa na'ura mai ƙwaƙwalwa umarni. Ni na gaji darasinsa da allonsa, har da ajin nan da tagarsa ba ta rufuwa.

A zamaninsa ɗalibai sun fi injuna yawa nesa ba kusa ba, wuta kuma sai ta ga dama take zuwa. Sai ya mai da kansa inji. Ɗalibai su rubuta purogaram a allo, shi kuma ya bi layi-layi ya aikata abin da aka rubuta, ba ƙari ba ragi. In ka ce ya zauna ba ka ambaci kujera ba, a ƙasa zai zauna da farar rigarsa. In ka ce ya fita ba ka ce ya buɗe ƙofa ba, sai ka ji goshinsa ya bugi katako. Aji ya yi ta dariya, shi ko fuska a murtuke. Yakan ce inji ba ya da kara, abin da ka faɗa yake ji, ba abin da kake nufi ba.

Tarbiyyarmu ce ta fi ba shi wuya. Wanda ya taso a Dakusa ko Damagaram Takaya, ko idon babba ba ya iya kallo, shi za ka ce ya ba malaminsa oda? Bakinsu nauyi yake yi.

Darasinsa na ƙarshe a kan bukul ne, wato umarnin da ke ta maimaita kansa har sai an cika sharaɗin tsayawa. Ina zaune a baya, don lokacin ni mataimakinsa ne, kuma ya hana ni sa baki a wasan nan. Ɗalibai suka rubuta: tashi daga ƙofa, je allo, ƙwanƙwasa, koma ƙofa, maimaita. Suka manta da sharaɗin tsayawa. Ana tsakiyar bazara. Ya je, ya ƙwanƙwasa, ya dawo, ya sake komawa. Da farko ana dariya, can dariya ta ƙare. Zufa ta jiƙa masa riga. Na ga idanun da suka gano kuskuren, amma an rasa mai tashi ya gifta gaban malami ya ɗauki alli. Haka ya yi ta safa da marwa har aka kira azahar. Ya ɗauki jakarsa ya dube su.

"Ba ku tsai da ni ba," in ji shi. "To, ina nan ina tafiya har Litinin."

Zazzaɓi ya kama shi washegari. Ranar Litinin ɗin muka yi masa sutura.

Ni Musulmi ne, na san wanda ya tafi ba ya dawowa. Abin da kunnena ya ji kawai zan faɗa. Kowace shekara, ranar da na zo kan darasin bukul, in rana ta take aji ya yi tsit, nakan ji jan takalmi daga ƙofa zuwa allo, irin tafiyar Mutari, wanda dama yake jan ƙafar hagu, sannan ƙwas a jikin katako. Na ce taga ce, na sa aka ɗaure ta. Na ce gara ce, aka sauya allon. Bai daina ba. Na yi masa addu'a, na yi sadaka, na roƙi Allah in da sauran wahala a kansa Ya sauke masa. Tsoro nake ji, amma kuma a duniya ba abin da ya rage mini na motsinsa sai wannan.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga ɗaliban yau. Yanzu wayar hannu suke tambaya, ta rubuto musu purogaram kafin ka juya baya. Injin yau har cankar nufinka yake yi, ya rufa maka asiri. Ina jin da ya ja tsaki, ya ce an koya wa inji kara an bar mutum da jahilcinsa. Amma abu guda zai faranta masa: yaran yanzu bakinsu ba ya nauyi.

Bana na rubuta musu wancan purogaram mai kuskure kamar yadda na saba. Jan takalmin ya fara. Sai wata ɗaliba, Falmata, wadda ba ta taɓa jin sunan Mutari ba, ta ɗaga kai.

"Mushe, wa ke buga allon nan?"

Ta dubi rubutun, ta taso, ta gifta ta gabana, ta karɓi alli a hannuna ta ƙara layi guda: in an gane, tsaya. Ta juya wajen ƙofa, inda ba kowa, ta ce, "An gane."

Takun ya yanke a tsakiyar aji. Tun ranar ban ƙara jin sa ba. Na yi hamdala, na koma ofis na rufe ƙofa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Mutari bai bar littafi ba, ba a sa wa ko gini ɗaya sunansa ba. Ya bar ɗaliban da suka watsu a ƙasar nan, waɗanda kafin su sa inji aiki sai sun tambayi inda zai tsaya. Na ɗauka iyakar gadon ke nan. Sai makon jiya ina cikin bayani na ji aji ya yi tsit. Na duba, ashe ina bakin allo, yatsana a lanƙwashe, ƙafar hagu na ja a baya, kuma ban san tun yaushe nake kai da kawowa ba. Falmata tana kallona, alli a hannunta. Wannan karon ba ta taso ba.