Ranar da Aka Kafe Mini Darasi da Ƙusa

Cikin duk shekarun da na yi da alli a hannu, akwai ranar da har yau ta ƙi barin raina: ranar da na shiga ɗakin gwaje-gwaje na tarar an kafe mini darasi da ƙusa. Ku matasan malamai masu kukan rashin kayan aiki, ku saurara. Mu namu kukan da kaya a gabanmu muka yi shi.

A tsakiyar shekarun saba'in ne, lokacin da kuɗin mai ya shigo, gwamnati tana sayen kaya kamar gobe za a rufe kasuwa. Ina koyar da Fiziks a wata sakandare a bakin garin Gombe, ta wajen Gabukka, inda a lokacin gonaki sun fi gidaje yawa. Ƙaramin malami ne ni, shekara biyu da kama aiki, kullum a kan keke daga Jekadafari.

Farkon shekara wata babbar mota ta sauke mana akwatuna. A ciki har da turoli goma sha biyu. Ga wanda bai sani ba, turoli 'yar keken katako ce mai taya uku, tsawonta bai wuce takalmi ba. Ana sakinta a kan katako mai gangara, yaro ya riƙe agogo ya auna gudunta, a ƙara mata nauyi ya sake aunawa. Da ita ake koyar da ƙarfi da motsi. Kuma 'yan aji biyar ɗina suna da jarrabawar fita kashi biyu, ta rubutu da ta gwaji da hannu. Wanda ya faɗi ta hannun, ya yi sallama da karatun kimiyya a gaba.

Ƙa'ida ita ce malami ya rubuta takarda, shugaban sashe ya sa hannu, firinsifal ya amince, sannan a buɗe sito. Sau huɗu na rubuta. Sau huɗu firinsifal ɗinmu, Alhaji Bappah, yana ba ni amsa ɗaya.

"Malam Yakubu, kayan nan ba a buɗe su a hukumance ba. Sai manya sun zo daga Bauchi sun gani."

"Ranka ya daɗe, yaran fa?"

"Yara ɓarna suke yi. Ka zana musu a allo."

Na zana turoli a allo har na fi mai ƙera ta iya zana ta. Da na ga zane ba ya gudu, sai na aro amalanke a Tudun Wada, muka riƙa loda masa buhunan yashi a filin ƙwallo, yara suna turawa suna ƙirga taku. Alhaji Bappah ya leƙo ta taga ya ce, "Malam Yakubu, makarantar gwamnati ce nan ko tashar 'yan dako?" Muka ci gaba da turin amalankenmu. Ina da wata ɗaliba, Saratu, 'yar wajen Kaltungo, wadda ta fi kowa kai a ajin, kuma ta ƙudura sai ta karanci injiniya. Duk sati sai ta tambaye ni, "Malam, yaushe za mu taɓa na gaskiyar?" Ni kuma in ce mata an kusa. Ƙarya nake yi, kuma ta sani.

Saura mako biyu jarrabawa sai ga takarda: sufeto zai zo ranar Litinin. Ranar Juma'a aka buɗe sito, aka jera kaya a kan tebura kamar jeren amarya, aka kulle ɗakin. Na tafi gida ina murna, ina cewa komai nisan jifa ƙasa zai faɗo.

Abin da ban sani ba, teburan sun ɗan karkace. Ranar Asabar firinsifal ya shiga dubawa, ya ga turoli suna gangarawa da kansu, har ɗaya ta faɗo ƙasa. Ya kira Baba Manu, kafintan makaranta, dattijo mai aiki tsakani da Allah, ya ce masa kada ya sake ganin wani abu ya motsa daga wurinsa.

Litinin da hantsi sufeto ya iso, wani Mista Ayuba, mutum mai ƙarancin magana. Aka shigo da 'yan aji biyar, firinsifal yana gaba yana baza babbar riga. Sufeto ya ce, "Malam, nuna mana yadda kake koyar da motsi."

Na gyara murya. Na ce wa yara su lura, zan tura turolin nan da yatsa ɗaya. Na tura. Ko gezau. Na ƙara yatsa. Na sa tafin hannu, sai teburin ne ya yi ƙara. Na duƙa na duba, sai ga kan ƙusa mai inci uku a tsakiyar katakon, ta ratsa har cikin tebur. Na duba ta biyu, haka. Duka goma sha biyun, har da katakon gangarar. Dalmar nan da ake ratayawa a zare don ta yi lilo ma an ɗaure ta tam a jikin sandarta.

Baba Manu yana bakin ƙofa, ya ɗauka yabo za a yi. Ya ce, "Mallum, ko jaki aka ɗaura musu ba za su gusa ba."

Ba wanda ya yi dariya sai sufeto, shi ma da hanci. Ya juya ga yara ya ce, wa zai gaya masa dalilin da malam ya tura abu bai motsa ba? Saratu ta miƙe ta ce ƙarfin da ƙusa take riƙewa da shi ya yi daidai da ƙarfin turin malam, sun kashe juna. Ya ce a wane littafi ta gani? Ta ce, "A amalanke, ranar da tayarsa ta faɗa rami."

Firinsifal ya ce, "Ka gani, ranka ya daɗe? Yaranmu sun iya."

Sufeto ya ce a cire ƙusoshin kafin ya shiga mota. Ni da Baba Manu muka cire, takwas suka tsage, huɗu suka rayu. Yara talatin da wani abu, turoli huɗu, kwana tara. Muka yi abin da za mu iya, har da Asabar.

Ranar jarrabawa doka ta hana malamin darasi shiga, sai na tsaya a taga. Tambayar motsi ta fito. Abin da na gani shi ya fi ƙusar ciwo. Yaran da suke wulli da buhun yashi a fili, ga su suna ɗaukar turoli da yatsu biyu kamar ƙwai, suna waiwaye kafin su danna agogo. Shekara guda ina koya musu motsi, makaranta kuma tana koya musu cewa kayan gwamnati ba a taɓawa, kuma darasinta ya fi nawa shiga. Lokaci ya ƙare wa da yawa ba su gama awo ba. Saratu ta haye da ƙyar. Fiye da rabin ajin ba su haye ba, kuma ba don ba su da kai ba.

Ban riƙe Baba Manu a rai ba, abin da aka ce ya yi, ya yi. Alhaji Bappah ma ba mugu ba ne, ido yake tsoro, irin na mutanenmu da suka fi son a ga abu da a mora shi. Abin da na koya shi ne, a aikinmu sabon abu yana cikin haɗari, don kyansa ke jawo masa kulle. Na ajiye ɗaya daga cikin ƙusoshin nan a aljihun tebur. Tun daga ranar har na yi ritaya, duk kayan gwajin da ya shigo hannuna, kafin kowa ya gan shi sai na karce shi da ita, sannan in miƙa wa yara. Ba a taɓa karɓe mini mai tabo don a jera wa baƙo ba.