Facin Wandona a Bangon Ofis

Duk abin da zan manta a aikin nan, ban da ranar da aka buɗe zanen gonar da kuke wucewa kullum a zauren ofis.

Lokacin ina masinja, wato mai kai fayil daga tebur zuwa tebur. Karatuna bai wuce gane sunan Darakta ba. Aka ɗauko wani mai zane, Malam Yohana, ya zana yadda kakanninmu suke noma. Ƙa'idarsa, ba ya zana mutum da ka, sai an tsaya masa. Darakta ya ce wa zai je? Caraf na ɗaga hannu, ni da rabona da fartanya tun ina yaro.

Kwana uku muna zuwa wata gona a Kwadon. Na caɓa ado da rigar sallah, Malam Yohana ya ce in tuɓe, tsohon wandona ya isa.

"Sunkuya, Baba Sale."

"Malam, fuskata fa?"

"Kai dai sunkuya."

Ƙuguna ya ji jiki. Amma kafin fenti ya bushe na cika unguwarmu Bolari da labarin an sa hotona a bango. Ranar buɗewa na ɗauko matata Asabe da yayanta Alhaji Bappa, wanda tun aurenmu yake cewa ba ni da abin nunawa.

Aka yaye ƙyalle. Ga tsauni, ga dawa kore shar, ga hadari ya haɗo, ga shanu can nesa. Ga manomi kuma, ya juya wa duniya baya. Ko kunne babu.

Alhaji ya ce, "To, ina kake? Ko kana cikin shanun ne?"

Sai Asabe ta matsa, ta nuna da yatsa.

"Yaya, wallahi shi ne. Facin wandon nan ni na yi shi, da shuɗin zare, don baƙin ya ƙare mini."

Ashe har zaren ya zana! Alhaji ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Shi ne kuwa. Ikon Allah! Yau dai na ga ka sunkuya kana aiki."

Daga baya na tare Malam Yohana da ƙorafi. Ya ce, "Baba, wa ka taɓa gani yana noma yana kallon jama'a?"

Nan na gane mai aiki ba da fuska ake saninsa ba, sai wanda ya san facinsa. In za ku wuce ku gaishe da manomin nan na bango. Duk ofis ɗin nan shi kaɗai ne bai taɓa tashi kafin lokaci ba.