Layar Asiransin Kawu Gado

Ranar da na gama lakwal, wato makarantar boko, na dawo Dogon Dutsi, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai, abin da ya fara ɗauke min ido a kamiyo, wato motar kaya, ta Kawu Gado yayan mahaifiyata, wata ƙatuwar laya ce ta jar fata tana lilo a jikin madubi. Ku da kuka san marigayin kun tuna: ba ya tayar da mota sai ya taɓa ta sau uku ya shafa goshi.

"Kawu, wane malami ya ba ka wannan?"

"Malamin Doso. Asiransi ce."

Na buɗe baki na kasa rufewa. Takardar inshora da hukuma ta ce kowace motar kaya ta sabunta duk shekara, ita ya kai wa baduku ya ɗinke!

"To, in jandarma suka ce su gani fa?"

"Su gani mana! Ga ta nan rataye. Makahi na?"

Jandarmomin hanya duk sun san shi. In ya nuna layar sai su yi dariya su ɗage masa itace ya wuce da buhunan gyaɗarsa.

Da yake ina karanta Faransanci, cika takardun motar ya dawo hannuna. Zuwanmu na farko biro, wato ofishin asiransi, a Doso, Kawu ya shiga da zabi biyu, ya tsuguna gaban akawu.

"Allah gafarta Malam, maganinka ya ci. Shekara guda ko akuya ban taka ba."

Akawu ya yi ta bayani har ya yi gumi: takarda ba ta hana hatsari, sai hatsari ya auku take amfani. Kawu ya juyo gare ni, fuska cike da girmamawa.

"Ka ga manyan malamai? Ba su yabon kansu."

Ranar bizit kuwa, wato duba lafiyar mota, mai dubawa ya ce ya taka birki. Kawu ya dube shi kamar ya ce ya yanka ɗansa.

"A banza? Shekara huɗu ina tattalin birkin ga, sabo hul yake. In ya ƙare kai za ka ba ni wani?"

"To da me kake tsayawa?"

"Rairayi! Allah ya zuba muna shi kyauta tun daga nan har Sukukutane."

Wallahi sai da mutumin ya nemi kujera ya zauna.

Ni kuwa ba son mota ke kai ni gidan Kawu ba. Hadiza ce, 'yarsa, wadda in ta ɗago ido nake jin kamar an yi ruwan fari a cikin ƙirjina. Ranar da na karɓo sabuwar asiransi na zauna a inuwar biron na rubuta mata wasiƙa da Faransanci, don ta san ba ƙaramin mutum ke sonta ba. Ban tuna ba ta iya karantawa ba. Na naɗe takardun biyu, na miƙa wa Kawu tasa, ya wuce wurin baduku. Hadiza kuwa na miƙa mata tata a bakin rijiya.

Bayan wata goma aka ɗaura mana aure. Kawu ya rantse babu motar da za ta kai 'yarsa Tibiri, inda aka tura ni aiki, sai tasa. Aka loda mata da gado da ƙwarya, da hantsi muka kama hanya ana guɗa. Sai ga shinge, ga sabon shef, wato shugaban jandarma, wanda bai san Kawu ba, bai kuma zo da dariya ba.

"Asiransi."

Kawu ya nuna layar.

"Buɗe."

"In an farke laya, mi ya rage?"

Shef ya ce in ba takarda, a sauke kowa, motar ta zama ta hukuma. Motar nan ita ce gonar Kawu, ita ce rumbunsa. Ga kuma amaryata za ta tsaya a rana cikin daji. Na roƙi Kawu, Inna Hajo matarsa ta roƙe shi. A ƙarshe ya miƙa layar, ya juya baya kamar ana yi masa kaciya.

Shef ya farke, ya karanta, ya ƙara karantawa. Sannan ya daga murya yana mayarwa da Hausa:

"Ke ce farin watan da ke haska dutsen garinmu. In ban gan ki ba, fura ba ta wuce min maƙogwaro." Ya dubi Kawu. "Baba, kamfanin nan yana sonka ƙwarai."

Innalillahi! Na so ƙasa ta tsage. Sai daga ƙarƙashin mayafi, amaryar da ko tari bai kamata a ji ta yi ba ta ce, "Ko wagga ce?"

Ta zaro takarda daga ƙullin zanenta, tana ƙamshin turare. Asiransi ce, da hatiminta! Wata goma tana ajiye da ita, kunya ta hana ta bai wa kowa ya karanta mata. Ta ce jan hatimin nan ne ya tabbatar mata da gaske nake.

Shef ya yi dariya har da hawaye, ya ɗage itace. Na jira Kawu ya tsine min. Sai ya karɓi wasiƙar yana juya ta.

"Wata goma motag ga da wannan take yawo, ko taya bai hwashe ba. Yaro, ashe kai ma malami na! A maida ta."

Aka sake ɗinke ta, kuma ita ce a madubi har ya bar tuƙi.

Hadiza yanzu da furfura da jikoki. Ta koyi karatu a ajin manya, ta karanta tsohuwar asiransin nan da kanta, ta ce duk da haka ta fi wasiƙata ma'ana. Asiransin tana cikin akwatinta tare da layar, kuma na sha ganin ta taɓa layar ta shafa goshi.

Allah ya jiƙan Kawu Gado, ya haskaka kabarinsa, ya ba shi takardarsa a hannun dama, ya wuce ba a tsayar da shi ba. Amin.